Tudun Wada, Zariya: Farautar Tsohon Keken Zigizag Da Ƙafa Za Ta Iya Juyawa

Wanda ya fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ya miƙe arewa, Tudun Wada ce za ta fara tarbarsa kafin ya haye Kubanni ya faɗa Sabon Gari. Masu garin dai Ƙofan Doka suke cewa, da yake su Zage-zagi ba su cika wahalar da kansu wajen raba mace da namiji a magana ba. Tsakiya unguwar take, kuma tun asali don ta zauna a tsakiyar aka kafa ta. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, gari ya cika da baƙi masu neman aiki da ciniki. Sai Turawa suka kasa mutane: 'yan ƙasa suna cikin ganuwa, mutanen Kudu aka ba su Sabon Gari kusa da tasha, su kuwa 'yan Arewa da ba haifaffun birni ba aka yanka musu filaye a wannan tudu. Shi ya sa har gobe layukan Tudun Wada a miƙe suke kamar da rula aka ja su, ba irin lungunan birni ba da baƙo zai shiga da hantsi ya kasa fita sai an haɗa shi da yaro.

A gindin ma'aikatu unguwar ta girma. Ga Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da shari'a da sha'anin mulki. Ga tsohon asibitin koyarwa, wanda aka kwashe manyan sassansa zuwa Shika a 2005, amma har yanzu da shi ake kwatance. Ba nisa kuma ga gidan Gaskiya, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a watan Janairun 1939. Duk inda aka tara ɗalibai da ma'aikatan jinya da akawu da masinja, to an tara masu neman yunifom da kaftani da labule da zanen gado, kuma tela ba ya nisa da irin wannan wuri.

Birni ya yi suna da ɗinkin hannu. A zaurukansa ake zama da allura a fitar da aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, aikin da kan ci makonni, wani lokaci watanni. Tudun Wada kuwa ta keke ce. Ka bi layin kasuwa da hantsi ka kasa kunne, ƙara iri uku za ka ji: ta manyan kekunan wuta masu gudu kamar ana yaga ƙyalle, da gurnanin janareto, da kuma caka-cakan baƙin keken ƙafa da kowa ya tashi ya tarar a ɗakin uwarsa ko gwaggonsa. Da an ɗauke wuta, ta farko sai ta yi tsit. Ta biyun ma ta ragu ƙwarai tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, don ba telan da zai ƙona man da ya fi kuɗin ɗinkin. Ta ukun ce ba ta san ana yi ba.

Sai dai baƙin keken nan, ko Butterfly ne na ƙasar Sin ko tsohon Singer da aka kwaikwaya wajen ƙera shi, abu ɗaya ya iya, shi ne miƙaƙƙen ɗinki. Ba ya ɗaure bakin yadi don kada ya zare, ba ya yin gidan maɓalli, ba ya kama roba a ƙugun wando ta miƙe ta dawo zare bai tsinke ba. Duk wannan aikin zigizag ne, wato ɗinkin da allura ke lilo hagu da dama tana tafiya. Kekunan zigizag kuwa, kusan duk wanda za ka gani yau na wuta ne. Mai ƙafa yana aiki kullum amma bai iya ba, wanda ya iya kuma yana zaman jiran wuta.

Abin da ya kai ni cikin wannan sha'ani ƙanwata ce. A Tudun Wada take aure, 'ya'yanta huɗu, kuma kekenta ne ke cike giɓin da albashin maigida ke bari. Hijabai take ɗinkawa da kayan makarantar yara. Duk rigar da ta gama sai ta aiki yaro kasuwa a yi mata wibin da gidan maɓalli, a biya, a jira wuta, wani lokaci kaya su kwana biyu a shagon wani, mai kaya kuwa ƙofar gidanta yake wa sintiri. In ta yi lissafi, abin da ke fita ta wannan aike-aiken ya kusa cinye ribar. Da kwasar adashinta ta zo, sai ta ƙudura za ta sayi tsohon kan keke mai zigizag, a raba shi da wuta, a ɗora shi bisa teburin ƙafar da take da shi. Kuɗin kuwa su ke nan, babu wasu a bayansu. In aka sayo kan da bai hau ba, sai wata kwasar, bayan wata goma. Da na zo hutu sai ta ce in raka ta, wai na fi ta baki wajen ciniki.

Mai karatu zai ce me ya hana ta sayi sabo a kwali. Sababbin kekunan gida na zigizag, farare masu sauƙin ɗauka, injinsu a ciki yake a rufe, jikinsu roba, babu ta inda bel zai bi ya sauka ƙasa. Akwai kamfanin da ya ƙera kan zigizag na ƙafa tun daga masana'anta, wato Janome mai lamba 712T, wanda mutanen Amish na Amurka, da ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu, ke saye. Amma kuɗinsa da na kawo shi ba na mai adashi ba ne. Tsoho shi ne hanya, kuma mai mayar da shi na ƙafa ba wani sabon abu ya ƙago ba. Tun 1873 wata Ba'amurkiya, Helen Blanchard, ta yi rajistar fasahar zigizag, lokacin da ba gidan da ke da lantarki. Kekunan zigizag na gida da suka fara suna a shekarun 1930, irin su Necchi BU na Italiya da Pfaff 130 na Jamus, da yawansu a kan teburin ƙafa aka sayar da su.

Shagon da aka kwatanta mana yana bayan kasuwa, ɗan tsukuku, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a rana. Warin kananzir da man keke ne ke fara yi maka maraba. A kan kantoci an jera kawunan kekuna har kusa da rufi, baƙaƙe da korra da masu ruwan toka da ruwan madara, wasu an rufe da tsumma, wasu ƙura ta yi musu mayafi. Kowane da hanyar da ta kawo shi. Wasu gwanjon Turai da Amurka ne da suka biyo ta Legas ko Kwatano, wasu tsarabar Makka ce ta shekarun baya, wasu kayan ɗaki ne da magada suka fitar. Mai shagon dattijo ne, da tabarau ɗaure da zare, yaransa biyu suna wanke ƙarafa a cikin gwangwani. Bayan an gaisa ƙanwata ta faɗa masa buƙatarta, idonta kuwa tuni ya tafi kan wani mai sheƙi. Ya bi idon nata da kallo, ya yi murmushi.

"Hajiya, ba fenti za ki taka ba. Kai, sauko da shi ka juya mata bayanshi."

Daga baya ake fara duba keke, in don ƙafa ake nemansa. Abin da ake so a gani shi ne ɗan injin wutar, wanda masu gyara ke kira moto, a rataye a waje da noti guda, yana juya wili da ɗan gajeren bel. Irin wannan, minti biyu ya isa a kwance shi a ajiye gefe. Wani abin daɗi kuma, yawancin kekunan da suka fito daga Amurka an yi motonsu ne don wuta mai ƙarfin 110, tamu kuwa 230 ce, don haka da wani ya jona ba tare da taransifoma ba sai hayaƙi. Ga mai neman keken wuta wannan aibi ne babba, shi ya sa irinsu ke daɗewa a kanta kuma kuɗinsu ke sauka. Ga mai neman na ƙafa kuwa gaba ta kai shi, don abin da ya ƙone ɗin dama cire shi za a yi.

Mai sheƙin da ya ja idon ƙanwata bai tsallake wannan ba. Motonsa a cikin gangar jiki yake, kuma da haƙoran giya yake juya keken kai tsaye, irin tsarin Singer 401A na Amurka. Keke ne nagari in akwai wuta, amma wilinsa ba shi da ramin da bel zai kwanta, ba kuma hanyar da bel ɗin zai bi. Dattijon ya ɗauki igiya ya nuna mana gwajin da ya fi kowane sauƙi: ka rataya ta a ramin wili ka saki bakinta biyu. In sun sauka tsaye ba su goga jikin keke ba, ba su faɗa kan gindinsa ba, to bel ɗin fata ma zai sauka ya tarar da babban wilin ƙasa. In kuwa gindin keken ya zarce har ƙarƙashin wili ya tare hanya, a mayar da shi kanta. Akwai masu cewa a kai wa mai walda ya huda. Ni dai ban ga dalilin sayen abu da kuɗin adashi don a fara da huda shi ba.

Sai awo. Kafin mu fito, ƙanwata ta ɗaga kan baƙin kekenta ta shimfiɗa kwali a kan ramin teburin, ta zana shi, ta yanke, ta kuma sa alamar inda ƙusoshin maƙalawa biyu na baya suke. Wannan kwalin ya fi tef amfani, don tef ba ya nuna zagayen kusurwa. Gindin cikakken keken Singer na gida kusan inci 14 da rabi ne a tsawo, inci 7 a faɗi, kuma a kan wannan awon aka yi yawancin teburan ƙafa da ke gidajenmu. Kawunan zigizag da yawa sun bi shi, wasu kuma sun ɗara da inci ɗaya ko biyu, sai an kira kafinta ya ƙara rami. Waɗanda ke da siririn hannu a sama don ɗinka hannun riga, ba shimfiɗaɗɗen gindi ba, ba ma a sa su a lissafi. Da kwalin nan kaɗai muka sallami kusan rabin abin da ke shagon.

Abin da ya rage sai aka shiga buɗe musu kai. Sukuru biyu ne ke riƙe da murfin sama, kuma duk mai sayarwar da ya hana a buɗe, ya riga ya ba ka amsa. Abin dubawa shi ne giyar da ke sa allura lilo, ta ƙarfe ce ko ta roba. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni da dama suka koma sa giyar roba don rage kuɗi da nauyi. Robar da ta shekara 50 tana shan mai da zafi takan yi rawaya ta tsage, kuma ranar da ta tsage zigizag ya ƙare. Mun ga ɗaya da tsagar ta yi siririya kamar gashi, sai da yaron shago ya haska tocilan waya. A nan lamba ta fi suna muhimmanci. Singer 237, wanda aka ƙera a Monza ta Italiya a ƙarshen shekarun 1960, cikinsa ƙarfe ne, motonsa a waje, kuma yana cikin waɗanda aka fi mayarwa na ƙafa a duniya. Ƙannensa 247 da 257 sun yi kama da shi a fuska, amma akwai giyar roba a cikinsu. Wanda ya riƙe sunan kamfani kawai ya manta lamba, zai iya ɗauko ƙanin yana murna ya samu wan.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun allura da kwarkwaro. A can saman kanta akwai wani kore mai maɓallai jere a kansa kamar na tafireta, Singer 319. Kyakkyawa ne, giyarsa ta ƙarfe, motonsa a waje, ya hau kwalinmu daidai, kuma yana fitar da zane-zane kala-kala. Duk gwajin da muka yi ya ci. Amma allurarsa ta daban ce, mai lamba 206x13, wadda tsininta ya fi na allurar da muka sani gajarta. In aka sa masa ta gama-gari sai ta riƙa sarar ƙoshiya. Haka 'yan'uwansa 206 da 306 suke. To, a ce allura ta karye ranar jajibirin Sallah da ƙarfe goma na dare, ina mace za ta aika a samo mata 206x13? Allurar gida mai shafaffen gindi, wadda ake rubuta wa HAx1 ko 15x1 a jikin takarda, kowane mai tireda da ke sayar da zare da zif a Tudun Wada yana da ita. Haka kwarkwaro da ƙoshiya irin na Butterfly, ko'ina akwai, kuma ƙanwata tana da cikin gwangwanin madara guda a gida.

A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi sauran. Masu tara tsofaffin kekuna a Turai da Amurka suna iya zaɓen wanda ya fi tarihi, su aika a kawo musu allurarsa ta gidan waya, su jira. Masana'antar Singer ta Clydebank a Sikotilan, wadda ta ƙera miliyoyin kekunan da suka watsu a ƙasashenmu, an rufe ta tun 1980, kuma kayan gyaran irin waɗannan kawuna yau sai dai a ciro daga jikin wani da ya mutu. Macen da ke ɗinki a ɗaki a Tudun Wada ba keke kaɗai take saye ba. Tana sayen dangantaka ne da mai tiredan bakin layi da dattijon bayan kasuwa. Kan da waɗannan biyun ba za su iya ciyarwa da yi wa magani ba, ko kyauta aka ba ta ya yi tsada.

Da wannan ma'aunin muka wuce Pfaff 130, kuma na wuce shi ina waiwaye. Baƙi ne mai nauyi, in ka juya wilinsa sai ka ji kamar a cikin mai yake iyo. Teloli na girmama shi don yana huda kaki da tamfol ba ya tari. Amma kwarkwaronsa na daban ne, kuma a cikinsa akwai wani bel na zare mai ƙusoshin ƙarfe da ke haɗa sama da ƙasa. In wannan ya ruɓe, gyaransa ba na yini ɗaya ba ne. Ga tela namiji mai shago da kekuna uku, wanda in ɗaya ya kwanta zai koma kan wani, sai in ce ya saya. Ga mai keke ɗaya, a'a.

Wani zai tambaya ina 20U, tunda shi ne sarkin zigizag a shagunan masu aikin wuya daga Zariya har Kano. Gaskiya ne, da shi ake zuba surfani a kaftani da babbar riga, faɗin ɗinkinsa ya kai milimita 9, wasu har 12, kuma gwani yana sarrafa faɗin da gwiwa hannayensa na kan yadi. Amma wannan keken masana'anta ne. Teburinsa daban, allurarsa mai zagayayyen gindi, nauyinsa kuma ba na teburin gida ba ne. Ana iya taka shi a kan babbar ƙafar masana'anta, sai dai cikon surfani ɗinki dubbai yake ci a tafin hannu guda, kuma taku ɗaya a keken ƙafa ɗinki huɗu ko biyar yake bayarwa. Wanda zai cika wuyan riga da ƙafa, ya tanadi man zafi.

Wanda muka tsaya a kansa daga ƙarshe ba shi da sunan da kowa ya sani. Shuɗi ne mai duhu, fentinsa ya goge a inda hannun wata ya shekara yana gogawa, a gindin wuyansa an rubuta an ƙera shi a Japan. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan sun yi ta ƙera kekuna a kan tsarin Singer 15, daga baya suka ƙara musu zigizag, kuma 'yan kasuwar Amurka da Turai kan saya su liƙa sunan da suka ga dama. Shi ya sa za ka ga suna goma a kan keke iri ɗaya. Ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, kwarkwaronsa irin na Butterfly, allurarsa ta gama-gari, motonsa a ƙone. Yana da maɓallin sauke haƙora, wanda ke ba da damar yin cin rami da ɗan surfani a cikin zobe.

Abu biyu dattijon ya sa ƙanwata ta gwada da hannunta. Na farko, ta sa yatsa ɗaya a wili ta juya, da zigizag a rufe, sannan a buɗe har ƙarshe. Moto ba ya ƙorafi in keke ya yi nauyi, gwiwa kuwa tana yi. In yatsa ɗaya bai iya ba bayan an wanke tsohon mai da kananzir an ɗiga sabo, to akwai abin da ya lanƙwashe a ciki. Na biyu, ta dubi inda allura ke tsayawa in an mayar da shi miƙaƙƙen ɗinki. Da yawa daga kekunan Japan na wancan zamani allurarsu a gefen hagu take zama, ba a tsakiya ba, kuma wanda hannunsa ya saba da baƙin keke zai yi ta karkacewa a bakin kalmasa. Namu yana da ɗan hannun da ke kai allura hagu ko tsakiya ko dama. Ya ƙara da cewa ƙoshiyar irin wannan keke kai-da-komo take yi, ba zagayawa ba, don haka in ƙafa ta kuskure wili ya koma baya, ba ta cika cukurkuɗa zare kamar mai zagayawa ba. Ga keken ƙafa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙyallayen gwaji daga gida muka zo da su, don ƙyallen mai shago kullum mai ladabi ne. Akwai boyel mai santsi, akwai kakin wandon makaranta ninki huɗu, akwai yadin hijabi mai miƙewa da guntun roba. Ya ɗora kan a teburin shagonsa ya ce ta hau. A kan boyel ya fara tsallake ɗinki a gefen dama, dattijon ya canja allura, ya taɓa wani sukuru a ƙasa, ya daidaita. Ta juya ƙyallen ta duba bayansa, ta ja robar har iya ƙarfinta, zare bai ce uffan ba. Sannan aka shiga ciniki. Ya yi ta albarka, ni kuma ina tuna masa motonsa a ƙone yake, shi kuma yana tuna mini ai ba moto muka zo saya ba. Aka kira Azahar muna kai, ya tafi masallaci ya dawo, sannan ya sallama, da sharaɗin yaronsa zai bi mu ya ɗora, kuma in cikin mako guda ya ba da matsala a dawo da shi.

A Keke Napep muka ɗauko shi, keke cikin keke, yaron shago ya rungume shi a cinya kamar jariri. Muka bi ta Agoro cikin cunkoson 'yan makaranta da aka taso, masu lemo da rake sun cika bakin titi, ɗaliban Kongo suna tsallakawa da littattafai a hammata. Ƙanwata ba ta ga ko ɗaya ba. Lissafin abin da ya rage a jakarta take yi, ko zai kai kuɗin bel da man keke da na yaron.

Ɗorawar ba ta ɗauki awa guda ba. Aka kwance sukuru biyu na baya aka zare baƙin kai, aka zura shuɗin a kan ƙusoshin nan, ya zauna. Moto da fitila da duk wata waya an cire su tun a shago, kuma gara haka, don gida ne mai yara kuma tsohuwar waya a jikin ƙarfe ba abin wasa ba ce. Bel sabo aka saya, na fata, zagayayye, wanda ke zuwa da tsawon kusan inci 72. Ana zagaya shi a wilin sama da na ƙasa, a auna, a yanke, a huda bakin da ƙusa, a haɗe da ɗan ƙarfensa. Yaron ya yi ta jaddada kada a ɗaure shi tamau. In ya yi tsauri keke zai yi nauyi kuma ƙarafa su ci juna, in ya yi sako-sako zai riƙa zamewa a kan kaki. Daidai shi ne wanda in ka matsa shi da yatsa biyu zai ɗan ba da kai.

Akwai abin da ba a samu ba, kuma gara mai niyyar bin wannan hanya ta sani tun yanzu. Zigizag ba wibin ba ne. Yana ɗaure bakin yadi amma ba ya yanke shi yana tafiya, sai an bi da almakashi, kuma in kwangilar yunifom ɗari ce, har yanzu mai wibin na kasuwa zai ga yaronta. Kan ya fi baƙin nauyi a ƙafa, kwanakin farko sai da ƙwaurinta ya faɗa mata. Fitila babu, sai aka matsar da teburin bakin taga, da dare kuma 'yar fitilar sola. Ƙurar hunturun Zariya tana son irin wannan keke fiye da baƙin, don gaɓoɓinsa sun fi yawa, saboda haka sai rufewa da zane da ɗigon mai a kai a kai. Man keke fa, ba man gyaɗa ba, ba baƙin mai ba. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama ƙaro, kuma rabin kawunan da suka ƙage a shagon dattijon nan shi ya kai su.

Gidan maɓalli ne ya fi ba ta aiki kafin hannu ya faɗa. Ana rage tsawon ɗinki har ya kusa tsayawa wuri ɗaya, a yi siririn zigizag a gefe guda, a buɗe faɗi a ɗaure ƙarshe, a juyo a yi ɗaya gefen, a sake ɗaurewa, sannan a tsaga tsakiya da reza. A nan ƙafa ta fi moto, don tana iya tafiya ɗinki ɗaya-ɗaya ta tsaya daidai inda ake so. Na farkon da ta yi a ƙyalle ya fito kamar bakin kifi. Kafin in bar Zariya ta yi na rigunan makaranta shida, kuma maƙwabciyarta ta aiko da nata guda uku a yi mata, da kuɗinta a ƙulle a bakin ɗankwali.

Baƙin kan ba a sayar ba. Yana ƙarƙashin gado a naɗe cikin tsohon zane, don in aikin mai kauri ne kuma miƙaƙƙe, har yanzu ya fi sauƙin taku, kuma sukuru biyu ne tsakaninsa da teburin. Ƙonannen moton kuwa yaran gida suka kai wa 'yan gwangwan. Bayan kwana tara ta kira ni a waya ta ce bel ya fara zamewa. Sabuwar fata ce, dole ta miƙe. Ta buɗe ɗan ƙarfen, ta rage kamar faɗin yatsa, ta huda da ƙusa ta mayar da kanta, ba ta aika kasuwa ba.